Maƙerin Edmonton da 'Yar Likita

Wata Asabar ce cikin watan Yuli na shekarar 1975, a filin da ke gefen kangon tsohon coci a Abbey Wood, cikin Landan. Turawa sun kakkafa tantuna, sun yi shigar kakannin kakanninsu, maza cikin kayan ƙarfe tun daga ka har ƙafa, suna saran juna da takubban da aka dakushe. Wasa ne da suke yi duk shekara don tunawa da mayaƙan zamanin da.

Sakinatu, 'yar Dakta Lawal, ba da niyya ta zo ba. Ƙawarta Juliana, 'yar Jos da suke karatun aikin jinya tare, ita ta jawo ta. Suna tsaye jikin igiyar da aka kewaye filin da ita sai ga wani ya nufo su, ƙarafa na ƙara a jikinsa.

"Juliana, don Allah dubi wannan," in ji Sakinatu. "Kamar an kifa masa bokitin wanka a ka."

Daga cikin bokitin sai aka amsa da Hausar Kano tsantsa: "Bokitin nan sati uku na yi ina ƙera shi, 'yammata."

Juliana ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Sakinatu kuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Mutumin ya ɗaga murfin kwalkwalin, sai ga baƙin saurayi, gumi na zuba, yana murmushi.

"Sunana Maharazu. Ki ƙarasa zagin, ina jin daɗinsa. Rabona da a zage ni da Hausa tun bara."

"Me ya kawo Bahaushe cikin wannan hauka?"

"Ƙarfe," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa. Maharazu ɗan gidan maƙera ne a cikin birnin Kano. Lokacin da arzikin mai ya sa gwamnati ke kwasar yara zuwa Ingila, shi ma aka turo shi ya zama injiniya. Shekara guda ya yi a kwaleji, zaman aji ya ishe shi. Wata rana yana yawo a unguwar Edmonton ta Landan ya ji ƙarar guduma daga ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ya leƙa, ya tarar da wani tsohon Bature mai suna Alf yana ƙera kayan yaƙin 'yan wasan nan. Ya tsaya kallo, hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Washegari ya dawo ɗauke da masabar kakansa, wato gudumar ƙira, wadda ya ɓoyo cikin akwati tun daga gida. Bai sake komawa aji ba.

Kafin sanyi ya shigo, Juliana ta gaji da kai wasiƙu tsakanin Maharazu da Sakinatu.

*Zinariyata, ni maƙerin baƙi ne, tun da nake ban taɓa riƙe abu mai daraja irin ki ba, shi ya sa nake tsoro. Jiya na bugi yatsana sau biyu, Alf ya ce ko dai na kamu da mura ne. Zan jira ki Laraba a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Whitechapel. Na wanke hannu da sabulu har sau uku, amma ba na alkawarin komai.*

*Sarkin Maƙeran Landan, kada ka wahalar da sabulun mutane. Da baƙin hannun na gan ka, da shi nake son ka. Ka kula da yatsun nan, ba naka ba ne kai kaɗai yanzu. Taka, Sakina.*

Akwai wani Abdulƙadir, ɗalibin lauya, mai zuwa gidan Dakta Lawal duk Lahadi da kwat da lema ko da ba a ruwa. Ya daɗe yana son Sakinatu, ita kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Shi ya binciko asalin Maharazu ya kai wa Dakta. Don haka ranar da Maharazu ya zo gaisuwa, ya durƙusa a falo, Dakta ko hannu bai miƙa masa ba.

"Kai ne aka turo ka zama injiniya ka gudu?"

"Ni ne, Baba."

"Mahaifinka me yake yi?"

"Ƙira. Mahaifinsa ma ita ya yi."

"To ka ji. Gidanmu ba mu taɓa haɗa zuri'a da maƙera ba. An ɗauke ka daga bakin zugazugi an kawo ka Landan, ka keta gari ka sake nemo zugazugi. Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Hajiya, mahaifiyar Sakinatu, ta tare shi a bakin ƙofa ta yi ƙasa da murya. "Ɗana, ka koma makarantar nan ko da da suna ne. Sai mu ce wa mutane injiniya ne. Wa zai bi ka ya duba?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ranar da na ji kunyar sana'ar ubana, ranar ban cancanci 'yarki ba."

Aka yi watanni Dakta bai sauko ba, Sakinatu kuma ba ta janye ba. Da ta gama jarrabawa a bazarar 1976, sai ya ajiye mata tikitin jirgi a kan tebur: ranar Litinin za ta koma Kano wajen gwaggonta. Asabar ɗin da ke gaban Litinin ɗin kuwa ita ce ranar gasar Abbey Wood, kuma bana Maharazu zai shiga fili da kansa.

"Baba," in ji ta, "ba zan fita a ɓoye ba. Ranar Asabar zan je in kalle shi."

Dakta ya buɗe baki zai yi tsawa, Abdulƙadir da ke gefe ya riga shi. "Ranka ya daɗe, a bar ta. Mu ma mu je. In ta ga yadda Turawa suka mai da shi ɗan kama, da kanta za ta haɗa akwati."

A daren Juma'a Juliana ta kai wa Maharazu 'yar takarda.

*Sarkina, gobe zan zo, Baba ma zai zo. Kada ka sunkuyar da kai don ka gan shi. Ni ban sunkuyar ba.*

Bazarar nan tsofaffin Landan sun ce ba su taɓa ganin zafi irin nata ba. Ciyawar filin ta bushe ta yi ja. Dakta ya zauna a benci yana fifita da takardar jadawalin wasan, fuska a murtuke. Kafin karon ƙarshe mai shela ya ɗaga murya: bisa al'adar wasan, duk matar da ke da gwani a fili ta fito ta ɗaura masa ƙyalle a hannu.

Sakinatu ta miƙe. Ta fara durƙusawa gaban mahaifinta.

"Baba, ka yafe mini."

"Zauna!"

Ba ta zauna ba. Ta ratsa mutane, ta ciro farin hankicin da ta yi wa ado da koren zare, ta ɗaura a damtsen Maharazu. Ƙullin ya ɗauru tam.

"Zinariya, kin san abin da kika yi?"

"Na sani. Rufe bokitinka ka je ka yi aiki."

Abokin karawarsa wani ƙaton ma'aikacin gidan waya ne mai suna Dennis, wanda ya ƙera nasa kwalkwalin da kansa a garejin gidansa. Irin kwalkwalin nan ne mai kama wuya, ba ya fita sai an ɗaga murfin fuska. Suka kama sara. Dennis ya kai masa wani duka a kafaɗa da ya sa shi dafa ƙasa da gwiwa. Abdulƙadir ya yi dariya ya dubi Dakta. Maharazu ya miƙe, ya tare na biyu da garkuwa, ya juya ya sauke takobinsa a gefen kan Dennis. Ƙaton ya yi tangaɗi ya faɗi. Fili ya kaure da tafi.

Kowa ya ɗauka faɗuwar wasa ce, ban da Maharazu. Kunnensa ya ji ƙarar da ƙarfen ya yi, kuma ba ƙarar lafiyayyen ƙarfe ba ce. Ya jefar da takobi, ya tuɓe safar ƙarfe, ya durƙusa ya ja murfin. Ko motsi. Mahaɗin ya lotse ya cije. Daga ciki yana jin numfashi na fita da ƙyar, kamar ana shaƙe mutum.

"Alf! Masabata da kurfin yankan ƙarfe!" Sannan ya juya ga benci, ya ɗaga murya da Hausa: "Baba! Mutumin nan zai mutu!"

Dakta bai san lokacin da ya tsallake igiya ba. Sakinatu na biye da shi. Ya kama wuyan hannun Dennis, ya leƙa ta tsagar ido.

"Zafi ya sumar da shi, kuma ya yi amai a ciki. In ba a buɗe yanzu ba, shi ke nan. A cire wannan abu!"

Ƙarti biyu suka kama za su fizga.

"Kada ku taɓa!" in ji Maharazu. "Za ku karya masa wuya. Ƙusa biyu ce ta riƙe murfin, ga su nan daidai kunne. Zan sare kawunansu. Amma sai wani ya zura wannan guntun ƙarfe ta ƙasa ya tokare, in ba haka ba dukan a ƙashin kansa zai sauka."

Alf ya miƙo hannu, hannun na karkarwa irin ta tsufa. Maharazu ya girgiza kai. Ya dubi Dakta.

"Hannun da ba ya rawa nake so, Baba."

Dakta ya kalli yatsunsa. Da su yake yi wa mutane tiyata shekara ashirin. "In ka kuskure fa?"

"Tun ina ɗan shekara bakwai nake riƙe wa babana ƙarfe. Bai taɓa kuskure ba, kuma shi ya koya mini."

Dakta ya naɗe hannun riga, ya durƙusa cikin ƙura, ya zura ƙarfen, yatsunsa biyu na manne da inda kurfin zai zauna. Sakinatu ta tallabe kan Dennis.

Maharazu ya ce wa Dakta, "Ɗan matsa sama. A'a, ya yi yawa. Yawwa. Riƙe da ƙarfi, kada ka saki sai na ce."

"Na riƙe."

"Bismillahi."

Masaba ta sauka. Kan ƙusa ya yi tsalle cikin ciyawa. Dakta bai ƙifta ido ba. Maharazu ya matsar da kurfin, ya sake bugawa, ta biyun ta ƙi. Ya ja numfashi, ya ƙara. Murfin ya faɗo.

Daga nan aikin ya koma hannun likita da 'yarsa. Suka juya Dennis, suka share masa baki, aka kwara masa ruwa. Can sai ya yi tari, ya buɗe ido, ya tambaya wa ya ci. Mutane suka bushe da dariya, wasu mata na share hawaye. Abdulƙadir yana can bayan igiya, riƙe da lemarsa da kwat ɗin Dakta.

Da motar asibiti ta tafi, Dakta ya tsaya yana jujjuya yatsunsa. Ko ƙwarzane babu. Ya dubi Maharazu.

"Kana da hannu, yaro. Hannu irin wannan asara ne a ƙarƙashin gada. Ka koma kwaleji ka gama, in ba ka ita."

Sakinatu ta riƙe numfashi. Kalma ɗaya ce tsakaninta da yaga tikitin nan. Maharazu ya dube ta, ita kuwa ta girgiza masa kai a hankali.

"Baba, na gode. Amma ba zan yi maka alkawarin da na san ƙarya ne ba. Ba injiniya ne ya buɗe kwalkwalin nan ba. In za ka ba ni, maƙeri za ka ba."

"Ko da zan hana ka?"

"Ko da za ka hana ni. Sai dai in bi ta har Kano in sake durƙusa maka ta hannun manya, bana da baɗi, har ka gaji."

"Ni kuma zan jira, Baba," in ji Sakinatu. "A Kano ko a nan, duk ɗaya ne."

Dakta ya sunkuya ya tsinci kan ƙusar nan daga ciyawa, ya jefa a aljihu, ya karɓi kwat ɗinsa ya nufi mota.

Litinin ta zo. Akwati na bakin ƙofa, Hajiya na kuka a kicin. Dakta ya fito da shirin asibiti, ya tsallake akwatin, ya ce wa Sakinatu ba tare da ya waiwayo ba: "A ɗauke wannan daga hanya kafin ya ka da mutum. Kuma ki ce wa mai bokitin nan ya rubuta wa mahaifinsa."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a masallacin Whitechapel. Alf da Dennis suna daga waje cikin kwat, suna ta tambayar Juliana ko an gama. Bayan an shafa fatiha, wani babban ma'aikaci da ya zo daga Legas ya matso kusa da Dakta.

"Likita, angon namu me yake karantawa? Na ji kamar an ce injiniya."

Dakta ya ɗaga murya yadda sahun baya ma za su ji.

"Maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Ni da kaina na taɓa riƙe masa ƙarfe yana bugu."

Da yamma, a ɗan ɗakinsu na Edmonton inda jirgi ke girgiza taga, Maharazu ya zura wa amaryarsa zoben da ya ƙera da masabar kakansa.

"Na baƙin ƙarfe ne, Zinariya."

"Na gani," in ji ta, ta damƙe hannunsa. "Kada ka kuskura ka canja mini shi."

Allah Ya sanya albarka a wannan gida, Ya ba su zuri'a masu tsayayyen hannu, Ya bar su tare har tsufa.