Fil a Cikin Takalmi

Ranar da ya fara ganinta, a kan sikeli yake tsaye, ya shanye cikinsa wai ko nauyin zai ragu.

"Malam, saki numfashinka," ta ce, idonta na kan kati. "Sikelin nan ba ya karɓar cin hanci."

Ita ce nas ɗin da ke duba masu ciwon suga duk ranar Talata a ƙaramin asibitin unguwa. Shi kuwa tela ne, ɗan shekara talatin da ɗaya. Ciwon a kan keken ɗinki ya same shi, inda yake wuni a zaune da kofin shayi mai cokali biyar na suga.

Shekara ta zo ƙarshe, ita kuma tana da wata ɗabi'a tata: kowane majinyaci sai ya rubuta niyyarsa ta sabuwar shekara a bayan katinsa. Tela, da ya ga kyakkyawa, sai ya cika katin taf. Zai rage kilo ashirin, zai riƙa gudu kullum, zai rabu da magani gaba ɗaya.

Ta karanta, ta ja layi a kai.

"Wannan ai tatsuniya ce. Ga naka: cokali uku maimakon biyar. Tafiyar minti goma bayan cin abinci. Sannan kullum ka duba tafin ƙafarka da madubi."

"Madubi kuma? Sai ka ce amarya?"

Ba ta yi dariya ba. "Ɗazu na taɓa maka ƙafa da tsinke, ba ka ji ba. Jijiyoyin sun fara mutuwa. In wani abu ya soke ka ba za ka sani ba, sai dai ido ya gaya maka."

Lambar wayar da ta ba shi don tambayar magani ce, amma tambayoyin Tela ba su daɗe a kan magani ba.

"Nas ɗina, yau cokali uku na sa. Shayin ya yi lami, amma da na tuna ki sai na ji ya sha daidai."

"Telana, rage zaƙin baki, shi ma yana hawar da suga. Ka duba ƙafa?"

"Na duba, Hasken idona. Tana gaishe ki."

Haka suka ci shekara guda. Kilo shida kawai ya rage, amma awonsa ya daidaita, ta kuma fi kowa murna. Ya ɗinka mata riguna huɗu ba tare da ya taɓa auna ta ba, duk suka zauna mata cif. Wallahi ta so shi, irin son da ke sa mutum tsoro.

Da shekara ta sake zuwa ƙarshe, ya je gaida mahaifinta da maganar aure. Baba tsohon makaniki ne, marar yawan magana. Ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce:

"Yaro, ba ni da abin zarginka. Amma shekara bakwai na yi ina jinyar uwarta da wannan ciwon naka, har na kai ta makwancinta. Yarinyar nan tana wuni da marasa lafiya a wurin aiki. Ba zan so ta dawo gida ta tarar da wani ba."

Kowa a gidan ya san inda zuciyar Baba ta karkata. Akwai ɗan abokinsa da ake kira Koci, mai koyar da wasanni a sakandare, ƙirji kamar ƙyauren shago, ko mura ba a taɓa jin ya yi ba.

Ta rubuto wa Tela tun kafin ya isa shago: "Kada ka karaya, Masoyi. Baba tsoro yake ji, ba ƙi ba. Mu bi shi a hankali. Niyyarka ta bana ita ce ta bara, kada ka ƙara komai."

Sai dai namiji in an kira shi marar lafiya a gaban wadda yake so, hankalinsa kan tafi yawo. Ranar ɗaya ga wata Tela ya sayi takalmin gudu. Ya ajiye ƙwayoyin maganinsa, don ya samu bakin cewa ya warke. Ya kife madubin a aljihun tebur, don shi ne yake tuna masa da ciwon. Kullum da safe sai ya yi gudun kilomita biyar, ta layin su Baba, daidai lokacin da tsohon ke zama a ƙofar gida.

Takalmin kuwa a ƙarƙashin teburin yanka yake ajiye shi. Duk wanda ya san shagon tela ya san abin da ke zuba a wurin. Fil guda ya faɗa cikin na dama, ya maƙale da tsininsa sama. Kwana tara Tela yana gudu a kansa bai ji komai ba.

Da ya ga jini a safa, maimakon ya nufi asibiti sai kunya ta kama shi. Ya yanki ƙyalle mai tsabta, ya naɗe wurin da kyau, ya ɗinke bakin, aiki irin na gwani. Talata ta zo bai je ba, don ya san abu na farko da za ta ce shi ne ya cire takalmi. Wata Talatar ma haka.

"Telana, lafiya? Sati biyu ban gan ka ba."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Ko maganar Baba ce ta sa ka janye? In ka haƙura da ni ne, ka faɗa mini da bakinka."

Ya karanta saƙon, ya kife wayar. Ta yi kuka a ɗakin canja kaya, ta wanke fuska, ta koma kan sikelinta. A satin ne Koci ya fara zuwa ɗaukarta daga aiki da izinin Baba. Ba ta taɓa shiga motar ba, amma labarin da ya je wa Tela cewa ya yi an gan su tare.

Yayarsa ce ta same shi a shago, jikinsa zafi rau, ɗakin na wani irin wari. A babban asibiti likita ya warware ƙyallen, ya duba, ya girgiza kai. Washegari aka cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ita ce ƙafar da yake taka keke da ita.

Nas ta shigo ɗakin da kayan aikinta a jiki. Ya juya fuska bango.

"Ki auri Koci," ya ce. "Baba ya yi gaskiya."

"Rufe mini baki," ta ce. "Abu uku na roƙe ka, ƙanana. Na ce ka zama wani mutum ne? Kai nake so, da shayinka marar daɗi. Ka je ka zubar da ƙafa don ka burge tsoho!"

Ta zauna a bakin gadon ta fashe da kuka, shi ma ya kasa riƙe nasa.

Ba su ga Baba ba sai da ya yi gyaran murya. Ya biyo ta ne don ya mayar da ita gida. Ya daɗe a tsaye yana kallon inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa.

"Kullum ina ganinka kana wucewa," ya ce. "Na ga kana ɗingishi tun sati na biyu. Na san abin da nake gani, na yi shiru, don ina so ka gaji ka bari." Ya ja kujera ya zauna da ƙyar. "Uwarta ma haka ta yi. Wata huɗu tana ɓoye mini gyambo, wai kada ta ɗaga mini hankali. Ita ban gani ba. Kai na gani."

Baba ya gyara zama.

"Keken naka, ana iya ɗaura masa inji, ya yi aiki da wuta. Zan duba shi gobe." Ya dubi 'yarsa. "Har yanzu shi ne?"

"Shi ne, Baba."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure, ba taro mai yawa. Ango ya zo da sanduna biyu, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe, ya rame, amma idonsa na kan amaryarsa. Da za su tafi, suka durƙusa gaban Baba, ita a kan gwiwa biyu, shi a kan ɗaya, tana tallafe da shi.

Tsohon ya ɗora musu hannu a ka.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Ya sunkuyo daidai kunnen ango. "Na ba ka ita. Abu ɗaya nake roƙo, ɗana: ka bari ni in riga ka tafiya."

"Amin, Baba," in ji amarya, tun kafin mijinta ya iya buɗe baki.