Dodon da Ke da Fuskar Mijinta

Wata mata ta ajiye wayarta a kan teburin Sufeto, ko zama ba ta yi ba.

"Yallaɓai, wannan mijina ne."

Sufeto ya duba. Tallar wani wasan kwamfuta ce: dodo mai ƙahoni, fatarsa ta ruɓe, tsutsotsi na leƙowa ta kuncinsa.

"Baiwar Allah, wannan ai zane ne."

"Dubi kunnen hagu, tun yana yaro ya tsage. Dubi wushiryar. Watan jiya mota ta buge shi a bayan kasuwa, direban ya tsere. Ku kuka kawo min gawarsa."

Ya tuna maganar. Har yau ba a kama kowa ba.

Sufeto da wani kofur suka bi sawun tallar har ɗakin da aka yi zanen, a saman wani kanti. Labule a sake da rana tsaka, warin gumi da guntun abinci, bango cike da hotunan kawuna marasa gangar jiki. Mutum biyu ke aiki a ciki: wanda ake kira Gwani, mai ƙera siffa a kwamfuta kamar mai murza yumɓu, da ƙanwarsa mai shafa launi.

"Daga kaina na fitar da dodon," in ji Gwani, yana murmushi. "Fasaha ce, Yallaɓai, ba kowa ke gane ta ba."

Sufeto ya juya ga ƙanwar. "Ana iya cire ƙahonin nan?"

"Ana iyawa. Zanen hawa-hawa ne, kamar albasa."

"To, ɓare min."

Ta danna, ƙahonin suka ɓace. Tsutsotsin suka bi, sai koriyar fatar. Abin da ya rage fuskar ɗan Adam ce, da jini a goshi.

"Ke kika zana jinin?"

"A'a, da shi ta zo. Yaya ya ce a intanet ya saye ta."

"E, na manta," in ji Gwani da sauri. "Saye na yi."

"Ɗazu daga kanka, yanzu daga kasuwa." Sufeto ya jawo kujera, ya ga maiƙon da ke kanta, ya fasa zama. "Yaya ake samun fuska ta fito sak haka?"

"Sai an zagaya mutum ana ɗaukarsa ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa hotunan," ta ce. "Wannan ɓangaren Yaya ne, ban taɓa buɗewa ba."

"Yau za ki buɗe."

Hotunan suka jeru. Mutumin na kwance a gefen kwalta. A na farko hannunsa na kan ƙirji. A na gaba ya ɗaga. Can kuma ya miƙo shi wajen mai ɗaukar hoton.

Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikin nan, bai taɓa ganin irin abin da ya gani yau ba.

"Da ransa," ya ce.

Ƙanwar ta tsaya a kan wani hoto. A gefensa ga gaban mota, fitila a fashe, lambar ta fito ɓaro-ɓaro.

"Yaya, motarka ce. Ka ce min bango ka goga."

Gwani ya sulale kan kujera.

"Shi ya faɗo gabana. Wallahi taimako na fito yi. Sai na ga idon nan. Shekara da shekaru ina neman irin wannan kallo, hannuna ya kasa ƙera shi. Na ga ko ta yaya ba zai tashi ba."

"Ya yi magana?"

"Asibiti yake ta cewa."

Ƙanwar ta toshe baki ta fita da gudu. Suna jin amanta daga baranda.

Sufeto ya sa kofur ya buga wa Gwani ankwa, a kwashe kwamfutocin. A bakin ƙofa Gwani ya waiwayo.

"Don Allah kada ku kashe ba a adana ba. Ban gama inuwar idon ba."

Da bakin kulki Sufeto ya tura shi gaba, don kada hannunsa ya taɓa shi.