Kanwa a Aljihun Mai Gadin Madatsa

Sufeto Ilyas bai iya sayen dabba ba, kuma duk Zongon Lome an sani. Bara da Layya ya sayo rago mai ciki kamar ganga, kafin la'asar ragon ya fitsare rabin jikinsa. Matarsa Mariyatu ta leƙo ta ce, "Wannan ƙanen na safen ne?" Daga baya wani ya tausaya masa ya faɗa masa dabarar: dillali yakan ba dabba kanwa ta lasa, ƙishirwa ta kama ta, ta yi ta shan ruwa har ta kumbura, sannan a kai ta kasuwa.

Ranar Alhamis da hantsi aka bugo masa waya a komisariya, ofishin 'yan sanda. An tsamo gawar Issifou, mai gadin madatsar ruwa da ke arewa da Zongo.

Madatsar ta ƙasa ce. Jan yumɓu aka kwaso daga nesa a manyan motoci, aka danne, aka tare rafi domin birni ya sha. An hana wanka, an hana ɗiba, an hana dabba, domin kofato yana zaizaye bangon. Issifou ya riƙe dokar kamar gadon ubansa.

Sufeto ya tarar da mutane maƙil a kan bangon, wasu da sanduna. Kofur ɗinsa ya kulle wani mutum a ɗakin gadi, ya tsaya a ƙofa yana zufa. Komlan ke nan, Ba'ewe ɗan ƙasa, mai lambu a gindin madatsar, wanda jama'a suka riga suka yanke wa hukunci.

"Shef, ka iso?" in ji wani ƙato da ke gaban taron. Oumarou ne, dillalin shanu, wan matar mamacin. "Yaya ragon bara? Ya murmure?"

Aka fashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

"Wanda bai san rago ba, shi zai san mai kisa?" Oumarou ya matso. "Bayan la'asar za mu binne surukina. In mun dawo daga maƙabarta, ko ka ba mu Komlan, ko mu ɗauka da ƙofar."

"Allah ya jiƙansa," in ji Sufeto. Ba shi da wata amsar da ta fi wannan arha.

Likita ya nuna masa rauni a ƙeyar gawar: an buge shi kafin ya faɗa ruwa. Sufeto ya gangara bakin ruwan. An share wurin da reshe, tas, kamar ana jiran baƙi. Mai sharar ya manta abu ɗaya, kuma Sufeto ya same shi ta hanyar da ya saba samun shaida, wato ya taka. Kashin shanu, ɗanye.

Ya shiga ɗakin gadin yana goge takalmi.

"Komlan, ina kake da asuba?"

"Gida, Shef. Na rantse."

"Latas ɗinka jiƙe yake sharkaf. Ruwan sama aka yi a lambunka kaɗai?"

Komlan ya sunkuya. "Ina zura tiyo a madatsar in saci ruwa, Shef. Kullum Issifou yana zagina, jiya ma ya yanka mini shi, na haɗa. Amma yau ban gan shi ba. Na ji hayaniya a sama, na naɗe tiyona na gudu."

"Hayaniyar me?"

"Kofatai. Da murya biyu, da Hausa. Ban tsaya ba. Ɓarawo ba ya zama shaida."

A gidan mamacin, matarsa Rabiatou ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

"Kun zo kare arne ke nan," ta ce. "Kai ma ɗan Zongo ne, wai."

"Wai. Hajiya, rigar da aka cire masa nake so."

Ta wurgo masa ita jiƙe. A aljihun gefe ya ji wani abu mai tauri, ƙulle a leda. Ya kwance. Kanwa ce, dunƙule guda kamar dunƙulallen hannu.

"Ke kika aike shi?"

"Da wane bakin? Shekara nawa likita ya hana shi kanwa. Ko a miyar kuka ba na sawa."

Sufeto ya dubi dunƙulen, ragon bara ya dube shi daga lahira.

Oumarou yana kara, kasuwar shanu, wai ya leƙo ne kafin jana'iza. Bijimansa suna tsaye cikinsu ɗam, masu saye suna zagaye.

"Masha Allah," in ji Sufeto. "A ina suka sha?"

"A nan. Ga kwamin."

Sufeto ya zura hannu a kwamin shan ruwan, ya fito da ƙura.

"Famfon nan mako guda bai ɗigo ba, kowa ya sani. Ɗaga mini ƙafar wancan."

"Shef, in saye za ka yi, kira Mariyatu ta zaɓa maka."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, domin wani tsohon dillali ya riga ya kama ƙafar bijimin ya ɗaga. Ƙasar kara baƙa ce. Abin da ya cushe a kofaton ja ne jawur.

Sufeto ya ajiye ledar a kan kwamin. "Issifou ya ƙwace wannan a hannun wani. Da ledarka zan fara tambaya ko da sandarka?"

Oumarou ya duba hagu, ya duba dama. Mutanen da suka bi shi da safe sun ja baya.

"Na riga na ba su kanwa," ya ce, muryarsa ta sauka. "Famfo ya ƙi. Ƙishirwa za ta kashe mini su. Na ce masa, suruki, sau ɗaya. Ya ce ko uwarsa ce ta zo da tunkiya sai ya kai ƙara. Ya fizge ledar, ya juya. Sau ɗaya na sauke sandar, wallahi. Ruwa ne fa, Shef! Ruwan Allah!"

"Shi ya sa ka so a kashe Komlan kafin magariba."

Sufeto ya sa wa Oumarou ankwa. Suna fita, wani bijimi ya buɗe ƙafa ya fara mayar da abin da ya sha, aka daɗe ana jira bai gama ba.

Komlan ya fita daga ɗakin gadi ta ƙofar gaba, ba wanda ya ba shi haƙuri. Bayan la'asar aka binne Issifou.

Ruwan da aka yi masa wanka da shi, a wurin ɗan garuwa aka sayo. Shekara shida da gina madatsar, har yau ba a haɗa mata bututu ba.