Wasiƙar da Uwaisu Ya Kawo Ranar Laraba

"Kai dai ba ka jin magana, Uwaisu! Sau nawa zan hwaɗa maka?"

Zakiyya ta ɗaga takardar sama tana dariya, jan biro a hannunta. Suna zauren gidan mahaifinta a Wurno bayan la'asar, ita kan tabarma, shi a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk busasshiyar lakar fadamar Taloka.

Shekara biyu ke nan kowace Laraba yana baro gonar albasarsa a kan babur, ya kawo mata wasiƙa da Turanci. Ita malamar firamare ce, shi kuwa daga aji huɗu ya bi wansa Attahiru gona. A gidan Attahirun suka fara ganin juna, domin yayarta Rahama ce matarsa. Ranar da ya ce yana sonta, sharaɗi guda ta kafa masa: ya koyi karatu har ya riƙa karanta kwalbar maganin feshi da kansa.

Da an kai gaisuwar aurensu tuni, ba don kwale-kwale ya kife da Attahiru a kogin Rima ya rasu ba, wata huɗu da suka wuce.

"Duba nan," ta ce tana zagaye kalmar da ja. "Grateful. G, r, a, t, e. Kai kullum sai ka rubuta great, awa mai yi ma basarake kirari. Ba girma take nuhi ba, masoyina, godiya take nuhi. Mutumin da anka yi ma alheri bai manta ba."

"Na san ma'anarta," ya ce a hankali.

"To mi ya hana ka rubuta ta daidai?"

Bai yi dariya ba.

Aikin koyarwa ya saba mata da wani irin karatu. Takardun yara sittin take dubawa a rana, don haka idonta kuskure yake farauta harafi bayan harafi, ba ya tsayawa jin abin da ake faɗa. Ta gyara wuri biyar a wasiƙar, har ta ba shi maki a ƙasa.

"Zakiyya... ba gyara nic ce ki yi ba. Karanta."

Ta karanta. Layi huɗu ne kacal. Yana gode mata da duk abin da ta koya masa. Sannan ya ce Kaka, wadda ta rene su shi da Attahiru, ta nemi ya auri Rahama idan ta fita takaba ranar Juma'a.

Biron ya faɗi daga hannunta.

"Yaya Rahama? Yayata?"

"Kaka tac ce ɗiyan Attahiru ba su barin gidan ubansu. In Rahama ta komo Wurno, ita ɗai za ta taho. Mujaheed da Sa'adu su tsaya Taloka. Rumaisa ma, da an yaye ta a maido ta."

"To ai sai ka aure mu du..."

Ta haɗiye sauran. Ko ɗan da ya fara zuwa makarantar allo ya san ba a haɗa ya da ƙanwa gun miji guda.

"Shi ya sa ka rubuto da Turanci?"

"Bakina ba ya iya hwaɗinta da Hausa. Attahiru shi yac ciyar da ni, shi yak koya mani riƙon hauya. Amma ban amsa ma Kaka ba. In kin ce a'a, wallahi a'a ce."

"Ka ɗora mani ke nan!" Muryarta ta fashe. "Ka kwaso kayanka da na Kaka ka aza mani bisa kai, ka koma gehe kana kallo! In nic ce a'a, ni na raba uwa da ɗiyanta. In nic ce i..."

"Zakiyyata..."

"Kada ka kira ni haka yau. Tashi ka tahi, Uwaisu. Don Allah tahi."

Ranar Alhamis ta shiga motar Goronyo za ta Taloka, da niyyar ta ce a'a. Tun a hanya take shirya hujjoji. Ba addini ne ya ce a ƙwace wa uwa 'ya'ya ba, al'ada ce da taurin kan tsohuwa. Taloka ba bangon duniya ba ce, Rahama za ta riƙa zuwa ganinsu. Ita ma ai tana da haƙƙi.

Ta tarar da yayarta a ɗaki, ta rame, tana ninke rigunan yara tana jerawa a kwalla.

"Na ware na sanyi daban," Rahama ta ce. "Ki tuna ma Kaka Sa'adu ba ya cin wake, cikinai yake murɗawa. Ni in na hwaɗa sai ta ce iyayi."

"Yaya, kin ji zancen da aka yi?"

"Na ji. Ki hwaɗa ma Uwaisu kada ya saurare ta. Ni in ɗauke miki miji? Allah ya kiyashe ni."

Rumaisa ta shigo da gudu ta faɗa jikin uwarta. Rahama ta leƙa ƙofa, ta saki labule, sannan ta ja yarinyar cikin hijabinta ta ba ta nono.

Zakiyya ta tsaya kallo. Yarinya da haƙora cike da baki, tana magana tar.

"Yaya... Rumaisa ai ta wuce shekara biyu."

"Da wata uku." Rahama ta sunkuyar da kai. "Nonon ma babu komi ciki. Amma muddin ba a yaye ta ba, tawa ce."

Duk hujjojin da Zakiyya ta shiryo a mota, ta neme su ta rasa.

Da yamma ta sami Uwaisu a bakin fadama yana ban ruwa. Ba ta matsa kusa ba, ba ta kuma bari ya kashe injin ba, don kada ya ji yadda muryarta ke rawa.

"Ka amsa ma Kaka!"

Ya saki tiyon, ruwa ya malale a kan ƙafarsa.

"Ki sake tunani, don girman Allah!"

"In na sake, hwasawa zan yi. Ka riƙe mani ita da kyau."

Safiyar Juma'a Rahama ta yi wankan fita takaba. Zakiyya ce ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta tsefe gashin da ya yi wata huɗu da kwana goma bai ga kitso ba. Sai da ta kai rabi ta gaya mata cewa ta sa Uwaisu ya amsa wa Kaka.

Rahama ta zabura za ta juyo. "A'a! Zakiyya, a'a! Ke hwa?"

"Ni malama ce, ina da ɗiya sittin. Daina motsi, Yaya, tsagar za ta karkace."

Hawayenta na ɗiga a kan gashin, tana kitse su a ciki. Rahama ta riƙe ƙafar ƙanwarta da hannu biyu tana kuka.

Aka yi sallama a ƙofar ɗaki. Muryar da Zakiyya za ta gane ko a tsakiyar kasuwa ce.

Ta goge fuska, ta ja mayafi ta rufe kanta sosai.

"Wa alaikumus salam," ta ce. "Shigo, mijin Yaya."