Ƙusoshin da Aka Buga Daga Sama

Gab da magariba Kadiri kafinta ya koma gidan marigayi Alhaji Braimah a unguwar Maamobi. Silin ɗin ɗaki ɗaya ya rage masa ya cire, kuma gobe masu fenti za su shigo. Kadiri kuwa, Allah ya yi shi da taurin kai. In ya ce yau zai gama, to ba mai tanƙwara shi.

A tsakar gida ya tarar da Mma Amama, ƙanwar marigayin, tana alwala.

"Masta, bar ɗakin nan sai safe," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Haba Mma, katako ne fa. Minti goma."

Ɗakin na warin laima da kashin ɓera. Ya kafa tsani, ya hau, ya shafa katakon yana neman kan ƙusa. Wani abu ya soke masa yatsa. Ya haska tocila. Tsinin ƙusa ne. Ya duba nan, ya duba can, duk tsini ne ke kallon ƙasa. Daga sama aka buga silin ɗin nan kaf, kuma babu ƙofar da mai bugawa zai bi ya sauko.

Mai hankali nan zai tattara kayansa. Shi kuwa gogan sai ya ɗauko zarto ya yanke rami daidai kafaɗunsa, ya haye don ya zare ƙusoshin ta sama.

Zafin kwano ya dake shi. Abin da ya fara ba shi tsoro, wurin tas yake. Ba ƙura, ba yanar gizo, kamar yanzu aka share.

Ya sa guduma ya zare ƙusa uku. Gudumar tasa tsohuwa ce, kanta na rawa, in ta bugu sau biyu take amsawa: ƙwas-ƙas. Ya ajiye ta gefen gwiwarsa, ya share gumi. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin layi.

Ya miƙa hannu. Ba guduma.

Ƙwas-ƙas.

A bayansa.

Ya juya. Hasken ramin da ya shigo ta ciki ya ragu. An shimfiɗa katako a kan rabinsa.

Ƙwas-ƙas.

Tocila ta mutu. Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshe ya ƙi ɗaguwa. Wani numfashi mai sanyi, mai warin tsatsa, ya sauka a kunnensa.

"Miƙo ƙusa, abokin aiki. Na gaji ni kaɗai."

Hasken ya koma kamar faɗin faranti biyu.

Kadiri ya yi kukan kura ya afka ramin da kai. Kafaɗa ta maƙale. Aka riƙo jakar ƙusoshin da ke ɗaure a ƙugunsa, ana jan sa sama a hankali, ba gaggawa.

"A'uzubillahi!"

Igiyar jakar ta tsinke. Ya faɗo tim a kan siminti, hannunsa na hagu ya ce ƙaras. Da rarrafe ya fita.

Da safe maza huɗu suka leƙa ɗakin. Silin lafiya lau, ba alamar zarto. Sai tsinin sababbin ƙusoshi goma sha biyu na ƙyalli. Mma Amama ta ce a toshe ƙofar da bulo.

"Gajere sunan wanda ya buga silin ɗin nan," ta ce wa Kadiri. "Ina yarinya muka ga hawansa. Ba wanda ya ga saukarsa."

Hannun ya warke, Kadiri ya koma aiki, amma da zarar la'asar ta yi ba ya sake hawa tsani. Wata uku bayan haka, matarsa Abibata ta dawo daga kasuwa ta same shi ya farfashe silin ɗin ɗakinsu na unguwar Nima, kwano tsirara, zafi kamar gidan burodi.

"Baban Lami, lafiyarka kuwa?"

Ta yaya zai gaya mata jiya da magariba, daidai saman gadon 'yarsu Lami, ya ji muryar gudumarsa?