Hoton Ƙirjin Tsoho

Dab da magariba, mai ɗaukar hoton ƙashi tana shirin rufe ɗakinta a asibiti, sai ga wani tsoho riƙe da takardar likita jiƙe sharkaf. Wari ya biyo shi kamar naman da ya kwana uku a rana.

"'Yata, ƙirjin nan ya hana ni kwanciya," in ji shi.

"Jingina da faifan nan, Baba. Ja numfashi, ka riƙe."

Kafaɗunsa ko motsi ba su yi ba. Ta ɗauki hoton, ta zare faifan, wani yauƙi mai sanyi ya manne mata a yatsu. Ta zura faifan cikin na'urar da ke karanta shi da haske, hoton ya fara sauka a kwamfuta layi-layi.

Haƙarƙari lafiya lau. Amma gurbin huhu cunkushe yake da ƙasa, tsutsotsi sun yi dunƙule a mazaunin zuciya.

Wani abu ya faɗo mata a bayan hannu, yana mutsu-mutsu. Muryar tsohon ta zo daidai kunnenta, babu ɗumin numfashi.

"Kin gan su, 'yata? Taimaka ki cire min. Tun ranar da aka binne ni suke ci."