Ɗan Tsibbu

"Ko shi kaɗai ya rage namiji a Makka, ba zan ba shi 'yata ba!"

Minnatullah ta durƙusa gaban mahaifinta, Malam Abdulhafiz, hawaye na jiƙa mata abaya.

"Abba, Taha fa hafizi ne..."

"Da bakinki kika ce ɗan tsibbu ne! Shekara talatin ina karantar da tauhidi, sannan in haɗa zuri'a da boka?"

"Laifinsa ne? Babansa ma haka yake, da kakansa!"

Malam ya yi salati, ya fice.

Baiwar Allah, a unguwar Aziziyya ta Makka aka haife ta. Larabci take zubawa kamar ruwa, Hausarta kuwa sai a hankali. Malam ne ya haramta Larabci a gidansa, wai kada harshen Kano ya mutu a hannunsa.

Shi Taha daga wani ɗan ƙaramin tsibiri ya zo karatu, ƙasar da ba ta da abin sayarwa sai kifi da kanumfari. Bana ƙasar Sin ta gina musu tashar jiragen ruwa, su kuma suka buɗe ofishin jakadancinsu a Sin, aka ɗauke shi sakatare. Ranar Laraba za a rufe sunayen matan ma'aikata da za su bi mazajensu can. Wadda ba a rubuta ba, sai bayan shekara uku.

"Habibti, bari in zo da kaina," in ji Taha a waya.

"Ya ce kada ka taka masa ƙofa... Ban san me ka yi ba, ya ruhi, wallahi ban sani ba!"

Marwan, ɗan baffanta mai sonta, ya gane inda harshenta ya karkace tun ranar farko. Bai gyara ba, munafuki, sai ƙara zuga Malam da yake yi.

Laraba ta zo ta wuce.

Da safiyar Alhamis Goggo Ɗaso, ƙanwar Malam, ta tarar da Minnatullah kwance, idanu sun kumbura.

"Ke, faɗa min da Larabcinki. Ɗan me ne yaron?"

"Min jazira, Goggo."

"Jazira?" Goggo ta dafe ƙirji. "Tsibiri! Tsibiri ake cewa, 'yar nan, ba tsibbu ba! Yaya! Fito ka ji ɓarnar da dokarka ta yi!"

Malam ya fito ya ji, ya dubi 'yarsa.

"Yana ina yanzu?"

"Tashar Kudai... motarsa ta Jidda tana gab da tashi, daga can sai jirgin Sin."

Sun sami Taha a tashar da jaka a kafaɗa. Malam ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, na zalunce ka ban saurare ka ba. Har yanzu kana sonta?"

"Fiye da raina, Baba. Amma an rufe sunaye jiya."

Malam ya juya ga 'yarsa.

"Shekara uku ne, Minna. Za ki iya?"

"Zan iya, Abba."

Nan gefen mota aka ɗaura aure, fasinjoji biyu suka yi shaida, direba yana ta danna hon.

"Matata..." in ji Taha.

"Ka sake faɗa," in ji Minna.

Ya sake faɗa, sai dai ta bayan gilashi, motar ta riga ta fara tafiya.